Kofi Mai Jan Zare

Duk wanda ya ce Naziran masifaffiya ce bai yi ƙarya ba, sai dai ya ƙarasa maganar, ya faɗi abin da aka yi mata. A unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Okara babu wanda bai san ta ba. Ita ce mai tanderun nan da mata ke kai wa kwaɓaɓɓen garin alkama ta gasa musu gurasa, tun mijinta yana da rai har ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Shagufta. Gashin hannunta duk wuta ta cinye. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta aka rubuta ba za ta gane ba. A gefen cikinta na hagu akwai dogon tabon ɗinki, kuma ba ta jin kunyar ɗaga riga ta nuna wa wanda ya nemi gani, har da wanda bai nema ba.

Ta nan aka ciro ƙodar da aka dasa wa Shagufta.

Ciwon ya kama yarinyar ne a ƙauyen mijinta, bayan ta haifi 'yarta Nimra. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, fitsari ya ɗauke. Aka yi ta jigilar wankin ƙoda zuwa asibitin birnin Lahore har ta koma kamar kara. Da likitoci suka ce sai dashe, gidan mijin kowa ya samu uzuri. Mijin, Mushtak, aka ce shi ke riƙe da gona, in aka farka cikinsa wa zai yi noma? Ƙannensa suka ce jininsu bai dace ba, alhali ko gwajin ba su je ba. Naziran ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta rufe tanderu, ta hau bas, ta je ta ce wa likitar, "Ga ni. Biyu gare ni, ki ɗauki wadda ta fi kyau."

Ranar da za a sallame su likitar ta zaunar da ita. Mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan dariya.

"Masi, ki saurara da kyau," in ji ta, don haka ake kiran dattijuwa a wajenmu, wato inna. "Jikin mutum yana da masu gadi. Da sun ga baƙon abu sai su far masa, kuma ƙodarki baƙuwa ce a jikin 'yarki. Magungunan nan da za ta sha har iyakar rayuwarta, aikinsu su sa masu gadin gyangyaɗi. To in mai gadi yana gyangyaɗi, kin san kowane ɓarawo shigowa zai yi. Murar da za ta kwantar da ke yini ɗaya, ita tana iya kai ta kabari."

Sai ta jero mata. Ruwa sai tafasasshe. Kofinta daban, kwanonta daban. Ban da ɗanyar madara, ban da abincin da ya kwana. Kada ta taɓa kashin dabba. In za ta shiga taro ta rufe hanci da baki. Mai tari kuwa, ko ɗaki ɗaya kada su kwana.

Naziran ta haddace su kamar karatun sallah. Tana manna gurasa a bangon tanderu tana maimaitawa. Watannin da Shagufta ta yi a gidanta tana jinya, ko ƙuda bai isa ya sauka kusa da ita ba. Ta sayo kofin silba sabo fil, ta ɗaura masa jan zare a hannu don kada ya cakuɗe da na kowa. Yarinya ta murmure. Kumatu suka dawo, idanu suka washe, har ta fara tsokanar uwar.

"Ammi, ƙodar nan taki masifarki gare ta. Tun da aka sa mini ita nake jin faɗa."

"Ki riƙe ta da kyau," in ji Naziran. "Aro na ba ki. In kika lalata ba ni da wata."

Da rake ya isa sara, Mushtak ya zo ɗaukar matarsa. Ya zauna a bakin gadon igiya yana murza hularsa, ya ce Nimra kullum kuka take, ta ƙi cin abinci, mutane kuma sun fara magana. Naziran ta so ta hana. Amma ta ga yadda fuskar Shagufta ta yi da aka ambaci yarinyar, sai ta haɗiye. Ta ɗaure magunguna a tsumma, ta sa kofin a sama, ta raka su har ƙauyen.

A tsakar gidan, gaban uwar mijin, Zubaidan, da matan ƙannen miji, Naziran ta tsaya ta karanto dokokin likita ɗaya bayan ɗaya da muryar da take kiran masu gurasa. Aka kawo mata lassi, kaɗaɗɗen nono mai sanyi, ta ce a mayar. Wannan ba wanda ya ji haushi, don kowa ya san uwa ba ta cin abinci ko shan ruwa a garin da ta aurar da 'yarta, balle kwana. Abin da ya ɓata rai shi ne kofin. Zubaidan ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta juya shi, ta yi ɗan tari a bakin mayafinta.

"To Bahan Naziran, 'yar'uwata, ina za mu rataye shi? A ƙusar can?"

Ta nuna bakin ƙofa da haɓa. A kowane gida na ƙauyen akwai irin ƙusar nan, an rataye mata tsohon kofi mai lanƙwasa, na matar da ke zuwa shara da kwashe kwata. Ita kaɗai ke sha da shi, ba ya shiga cikin kwanukan gida. A wajenmu in aka ware wa mutum kofi, an gama gaya masa matsayinsa. In kuma shi ya ware nasa, ya gama gaya wa mutanen gidan nasu.

"Ki rataye shi a wuyanki in kin ga dama," in ji Naziran. "Ni dai kada bakin kowa ya taɓa shi."

Ta koma Okara kafin la'asar, da ƙishirwa, da zuciya a cunkushe.

Duk sa'ad da ta samu sarari takan rufe tanderu ta je dubawa. Zuwan farko ta tarar ana cin abinci, mata da yara sun kewaye faranti ɗaya a inuwa ana hira ana dariya, Shagufta kuwa tana can bakin ɗaki ita kaɗai da kwanonta a cinya. Zuwa na biyu ta ji labarin ta'aziyya. Wani maƙwabci ya rasu, mata suka taru, kowacce ta shigo sai ta rungume matar mamacin, wuya da wuya, su yi kuka tare kamar yadda aka saba. Shagufta ta je da ƙyalle a hanci, ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa. Matar mamacin ta ɗago kai cikin hawaye ta ce, "Wari gawar mijina take yi miki?" Tun daga ranar matan ƙauyen suka daina amsa sallamarta. In ta je famfo sai su janye tulunansu, su ce a ba Baturiya hanya kada mu shafa mata datti.

Zuwa na uku ne abin ya fashe. Naziran ta shigo ba ta ga 'yarta a tsakar gida ba. Ta zagaya baya, wajen turken ɓaunar da suke kiwo don tatsa, sai ga Shagufta a tsugune, ta ɗaura leda a hannuwa biyu, tana cura kashin ɓauna tana mannawa a bango don ya bushe a yi girki da shi. Ledar hannun dama ta yage.

Ihun da Naziran ta yi sai da ɓaunar ta tsinke igiya.

"Zubaidan! Fito nan! Fito ki gaya mini wa ya sa ta!"

Zubaidan ta fito a hankali tana gyara mayafi. "Wa zai sa ta? Aikin gida ne. Ni da furfurata nake yi. Ko a gidanku da turare kuke girki?"

"Ga matan 'ya'yanki biyu can, ƙatti kamar buhun shinkafa, hannunsu ya karye ne?"

"Su bayinta ne? Su yi mata shara, su yi mata tatsa, su tafasa mata ruwa da itacen da ba mu da shi, sannan in sun taɓa ta ta ruga ta wanke hannu da sabulu? Jiya na shafa kanta ina sa mata albarka, ina juya baya na ji ƙarar famfo. Ni! Uwar mijinta!"

Naziran ta ɗaga riga har haƙarƙari. "Kalli nan. Kalla da kyau, tsohuwar banza. Naman jikina ne a cikin yarinyar nan. Lokacin da ake neman mai bayarwa duk kun shige ƙarƙashin gado, ke da 'ya'yanki. Yanzu kin samu bakin magana?"

"Rufe cikinki, akwai maza a gidan nan," in ji Zubaidan, tari ya sarƙe ta, ta dafa bango har ya lafa. "Ƙoda kika bayar, ba gidan kika saya ba."

Shagufta ce ta ja uwarta ɗaki ta rufe ƙofa. Ta cire ledojin, ta wanke hannu, ta zauna a ƙasa.

"Ammi, ba wanda ya sa ni. Ni na ɗauka da kaina."

"Kin haukace?"

"Wataƙila. Kin san Nimra ta daina zuwa wajena? Kakarta ta ce mata kada ta taɓa ni, wai zan ce ta sa mini cuta. Shekaranjiya ta miƙo mini gutsuren gurasar da ta gatsa, irin yadda yara ke yi, na ce a'a. Ta kalle ni, ta je ta ba akuya." Ta share ido da gefen hannu. "Da nake wankin ƙoda ina mutuwa, amma gidan nan cike yake da masu zuwa duba ni. Yanzu na warke, ba mai zama kusa da ni. Wace irin warkewa ce wannan?"

"Irin wadda ake numfashi," in ji Naziran. "Puttar, 'yar nan tawa, mutanen nan ba za su bi ki kabari ba."

"Ki bar maganar nan, don Allah. Zan san yadda zan lallaɓa. Kada ki kai ta ko'ina."

Amma Naziran ba ta iya barin magana ba, ba ta taɓa iyawa ba. Daga gidan ba ta nufi tashar bas ba, sai ƙofar Caudari Nur Din, babban mai gonakin ƙauyen, wanda duk wata rigima a gabansa ake kashe ta. Ta ce an zalunce ta, tana neman a tara dattawa a bi mata hakkinta. A ranta ta tabbata duk mai hankali in ya ga tabon nan, ya ji abin da likita ta ce, zai san inda gaskiya take.

Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Dattawa suka zauna a gadajen igiya ƙarƙashin darbejiyar ƙofar Caudari, huka, tukunyar shan taba mai bututu, tana zagayawa, wannan ya zuƙa ya miƙa wa wancan bututun. Mata suka tsugunna daga gefe. Shagufta tana can ƙarshe da ƙyallenta a hanci, Nimra kuwa tana cinyar kakarta.

Naziran ta yi magana ba ta rage komai ba. Ta faɗi masu gadin jiki da gyangyaɗinsu, ta faɗi kashin ɓauna, ta ɗaga riga, dattawa suka kau da kai suna istigfari. Zubaidan ma ta faɗi nata, kuma da kuka ta faɗa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya ba a taɓa raba kwano ba, ko a shekarar da ambaliya ta cinye gona, gurasa ɗaya suka gutsuttsura. Yau ga ta da tsufanta an mai da ita abin ƙyama a gidanta, har matan gari suna tambayarta ko wata cuta gare su da suke ɓoyewa, har an fasa neman auren autarta.

Caudari ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Masi Naziran, kin yi abin da ba kowace uwa za ta yi ba, Allah ya saka miki. Ga abin da muka gani. Yarinya ba za ta ƙara taɓa kashin dabba ba, ba tatsa, ba share turke. Ruwanta a tafasa, Mushtak ya nemo itace. Magani a kan lokaci. Kin ji ko?"

"Na ji, Caudari, ranka ya daɗe." Har ta fara jin sanyi a ƙirji.

"Saura kofi. Wannan kofin ya raba gida, ya kusa raba gari. Ba za a ce gidan Musulmi, masu alwala sau biyar, ana ware kofi saboda su ba. A kawo shi nan a ajiye. Kuma yadda iyayenmu suke kashe rigima, haka za mu kashe wannan. A kawo madara."

Kowa ya san abin da ake nufi. In an yi sulhu a ƙauyen, kwano ɗaya ake cikawa da madarar da aka tatso yanzu, masu rigimar su sha ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Wanda ya ƙi sha, shi ya ƙi sulhu. Aka kawo kwanon tagulla, madarar da ɗuminta, da kumfa, har da ɗan gashin ɓauna yana yawo a kai.

Naziran ta miƙe tsaye. "Ɗanya ce! Ba ku ji abin da na faɗa ba? Da bango nake magana? Ku tafasa ta mana, ku zuba mata nata daban!"

"In an zuba daban ai ba a yi komai ba, Masi," in ji wani dattijo. "Kurɓi ɗaya ne. Mu nan da ita aka yaye mu, ga mu garau."

"Kai ƙodar uwarka ce a cikinka?"

Aka yi ɗan gunaguni, wasu suka danne dariya. Caudari bai yi dariya ba. "Ke kika tara mu, ba mu muka kira ki ba. In hukuncinmu bai yi miki ba, ga 'yarki nan, ki tafi da ita Okara ki sa ta a kwalba. Amma Nimra 'yar gidan nan ce, nan za ta zauna."

Naziran ta juya wajen Mushtak. "Kai fa? Ba ka da baki? Kana wurin likita ta yi bayani!"

Mushtak ya kalli ƙasa. "Masi, kurɓi ɗaya ne," ya ce, da ƙyar ake jin sa.

Zubaidan ta fara sha. Ta sauke kwanon, ta yi tarinta, ta goge baki. Mushtak ya sha. Aka miƙa kwanon wajen Shagufta.

"Puttar, kada ki karɓa," in ji Naziran. "Tashi mu tafi. Zan kai ƙara kotu, zan karɓo miki yarinyar, wallahi zan..."

Shagufta ba ta kalle ta ba. Nimra take kallo. Ta sa yatsa ta janye ƙyallen daga hancinta, ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta sha. Ba kurɓi ɗaya ba, sai da maƙogwaronta ya motsa sau da yawa. Mata suka ɗauki guɗa. Zubaidan ta rungume ta tana kuka, ta tura mata Nimra, yarinyar ta maƙale a wuyan uwarta.

Sai kwanon ya iso gaban Naziran, tunda ita ce mai ƙara. Kafin ta buɗe baki Caudari ya ɗaga hannu.

"A'a, ita a ɗauke mata. Uwa ba ta sha a garin 'yarta. Ba za mu sa ta karya al'ada ba."

Ku ji fa. Ita mai lafiya, wadda ko ruwan kwata ta sha ba abin da zai same ta, ita aka tausaya wa aka ɗauke wa. Naziran ta tsaya tana kallon kwanon ana wucewa da shi.

Abin da ya fi ci mata rai daga baya shi ne, Shagufta ta yi farin ciki. Ba za a ɓoye wannan ba. Da Naziran ta koma dubawa ta tarar da ita a tsakiyar mata, hannunta a faranti ɗaya da nasu, Nimra tana sa mata loma a baki, tana dariya har da ƙwalla. Ta yi ƙiba. An kira ta biki ta je ta yi rawa. Ta ce, "Ammi, kin gani? Ba abin da ya same ni." Naziran ta zauna a bakin gado da ƙishirwarta tana kallonta, don ta daɗe ba ta ga haƙoran 'yarta a waje haka ba.

Amma wanda ya sha a kwano ɗaya da mutane, da wane baki zai ce a tafasa masa ruwa? Itace ya yi wuya, aka ce yau ɗaya dai ta sha ba a tafasa ba. Ƙyallen hanci ya zama tsumman goge fitila. Da sanyi ya shigo tarin Zubaidan ya tsananta, aka ce wa zai kwana da tsohuwa ya riƙa ba ta ruwa, sai Shagufta ta ce ita, don a ga sulhun na gaske ne. Ɗaki ɗaya, taga a rufe, har sanyi ya wuce.

Wajen girbin alkama zazzaɓi ya fara. Yana zuwa da yamma, ya sauka da gumi. Ba wanda ya aika wa Naziran. Suka kira mai allurar ƙauye ya yi mata ta zazzaɓi, ya ƙara ta ƙarfin jiki. Sai da ta fara tofar da jini Mushtak ya zo tanderu yana murza hular nan tasa.

A Lahore likitar mai tabarau ta duba hoton ƙirji.

"Tarin fuka ne, Masi. Ya ci huhu, ya shiga jiki."

"Madarar ce ko? Faɗa mini madarar ce, in je in gaya musu."

"Yana iya zama madara, yana iya zama tarin tsohuwar. Ba wanda zai iya rantsuwa." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ga inda matsalar take. In muna so ta yaƙi tarin, sai mun tashi masu gadin nan. In sun tashi, ƙodar za su fara gani. Maganin tarin kuma ba ya jituwa da na ƙodar. Za mu yi iya ƙoƙarinmu mu riƙe duka biyun."

Ba su riƙu ba. Kafin damina ta sauka ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, fitsari ya ɗauke. Aka mai da Shagufta kan injin wankin ƙoda, a ɗakin da ta baro, kusa da tagar da ta sani. Naziran ta tare likitar a baranda ta kama hannun rigarta.

"Akwai ɗayar. Ki cire. Ni na tsufa, me zan yi da ita?"

"Ba a yi, Masi."

"Ni na ce na yarda!"

"Ko kin yarda ba a yi."

Shagufta tana kwance, bututu biyu a hannu, jini yana fita yana dawowa. Ta ce, "Ammi, na lalata miki aron." Naziran ta ce ta yi shiru kada ta ɓata ƙarfinta. Can kuma Shagufta ta ce, "Amma na ci abinci da 'yata." Naziran ta tashi ta fita, don in ta zauna za ta faɗi abin da ba a faɗa wa marar lafiya.

Ta je ƙauyen ɗebo wa Shagufta kaya. Rana tana dukan ƙasa, ta sauka daga bas ta taka har gidan. A bakin ƙofa ta tsaya cak. A ƙusar nan, kusa da lanƙwasasshen kofin mai shara, ga kofin silba a rataye. Jan zaren ya koɗe amma yana nan.

Zubaidan ta fito, ta rame, ita ma an sa ta a magani. Ta ga inda Naziran take kallo.

"Mun karɓo shi daga wajen Caudari," ta ce. "In ta dawo da shi za ta riƙa sha. Kin san ciwon nan ana ɗauka, ga yara a gida. Mun gyara mata ɗakin baya, ita kaɗai, ba mai damunta." Ta gyara mayafi. "Ai abin da kike so ke nan tun farko, Bahan."

Naziran ta sa hannu ta cire kofin daga ƙusar. Ba ta shiga gidan ba, ba ta ɗebi kayan ba. Ta wuce kai tsaye ƙarƙashin darbejiya, inda dattawa ke zaune da hukarsu, ta dangwara kofin a gaban Caudari har ya yi ƙara.

"Na zo a biya ni."

"Masi, mun ji abin da ya faru. Ƙaddara ce, sai haƙuri. In wani taimako ne na asibiti..."

"Ban zo bara ba. Ƙoda na kawo garin nan, lafiyayya, kuka zauna a nan kuka yanke hukunci a kanta. Ƙoda nake so. Kai da ka ce kurɓi ɗaya ne, tashi mu je a gwada jininka. Mushtak yana ina? Ƙannensa fa? Duk wanda ya yi guɗa ranar nan ya fito. Biyu-biyu gare ku, duk cikinku!"

Ba wanda ya motsa. Huka ta yi gurgur a hannun wani, ya ji kunyar ƙarar, ya ajiye bututun. Wani ya ce rai da lafiya na Allah ne. Wani ya ce a kawo wa baiwar Allah ruwa, rana ta buge ta, sai na kusa da shi ya tuna masa ba ta sha a garin nan.

Ta tsaya har inuwa ta juya. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, wannan zai duba gona, wancan zai yi alwala, har ya rage daga ita sai gadajen igiya. Ta ɗauki kofinta ta ƙulle a bakin mayafi, ta kama hanyar bas, don gobe da sassafe akwai wankin ƙoda, kuma Shagufta ba ta iya hawa matakalar asibitin sai an riƙe ta.

Tanderun Naziran yanzu rabin mako yake a rufe, masu gurasa sun koma wani wuri. Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci tana ƙarƙashin darbejiyar nan da kofin a hannu. Dattawan sun mai da zamansu cikin gida, sun sa an riƙa rufe ƙofa. Takan tsaya a waje ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da muryar da take kiran masu gurasa, har muryar ta dushe. Har yau ba wanda ya fito.